Tsakanin Mahauci da Mai Halwa a Zangon Kumasi

Kumasi ba garin kiwo ba ne. Ƙasar kurmi ce, ta ruwan sama da gonakin koko da goro, inda ƙudan tsando ya daɗe yana hana garke zama. Amma mutanenta masu son nama ne, kuma sama da shekara ɗari ke nan naman shanun da Tonawa, wato mutanen Asante, ke jefawa a miyar fufu yana biyowa ta hannun mutanen Zango: falke ya koro shanu daga arewa, maigida ya sauke shi, dillali ya shiga tsakani, mahauci ya kayar. A lungu guda na Zangon nan sai ka tarar da mutumin da wuƙa ba ta barin hannunsa tun asuba, da wanda kan yi kwana arba'in ko ƙwai bai kai baki ba, kuma in an ta da iƙama kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. Su biyun na je gani.

In ka kuɓuta daga cunkoson kasuwar Kejetia ka yi gabas, babu wata ƙofa da za ta ce maka ga Zango. Kunne ne ke fara sani. Tonanci yana raguwa, Hausa tana ƙaruwa, har ka ji ta a bakin Bamoshe da Badagombe da Bazabarme da Bawangare, kowa da irin lanƙwasar harshensa. Alabar, Akwatia Line, Aboabo, Asawase, unguwa tana shiga cikin unguwa ba ka san inda ɗaya ta ƙare ba. Gidajen haya ne masu ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida guda, rufin kwano ya yi ja da tsatsa, lambatu a buɗe, 'yan a-daidaita-sahu suna kutsawa inda ko amalanke sai ta yi dabara. Babban Masallacin Kumasi, wanda aka sabunta aka buɗe a 2023, ya yi wa gidajen kewaye zarra. Fadar Manhyia kuwa, inda Asantehene Otumfuo Osei Tutu na II yake zaune, tafiyar ƙafa ce daga Alabar.

Da hantsi abincin Zango kusan duk na tsiro ne: koko mai yaji da citta, ƙosai, pinkaso, masa, tubani, sai shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja, wadda duk Gana ta sani da sunan waakye. Da la'asar sakaliya sai gari ya juya. Masu cincinga, wato tsire, su hura gawayi, hayaƙin kitse da ƙuli-ƙuli ya cika layi, kuma ba 'yan Zango kaɗai ke tsayawa ba. Ma'aikaci Batone ma yakan faka mota ya sa a naɗe masa. A Gana, in aka ce tsire, Bahaushe ake tunawa, ko da mai gashin Bafrafre ne.

Musulmi sun riga Zango zuwa Kumasi. Turawan Ingila biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, sun iske malamai a fadar Asantehene Osei Bonsu suna rubuta wasiƙu da layu. Amma Zangon da ake gani yau ya tsiro ne bayan Ingila ta kama Asantehene Prempeh na I a 1896, ta kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900. Kafin nan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya riga ya watsa fataken Gwanja, sai suka gangaro kudu suna bin goro har gindinsa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, kuɗin koko ya shigo hannun manoma, mai kuɗi kuwa nama yake nema. Polly Hill, Baturiyar da ta yi nazarin kasuwar shanun Kumasi ta buga a 1966, ta nuna cewa cinikin kacokan a kan bashi da amana yake tafiya: mahauci ya ɗauki sa bai biya ba, maigida ya tsaya wa baƙonsa har kuɗi su fito. A wancan zamani da ƙafa shanu ke zuwa, makonni a hanya, su ƙetare kogin Volta a Yeji, su yada zango a Prang. Suna isowa a rame, amma sun ci ciyawa a hanya, sun sha ruwa. Yanzu tirela ke kwaso su daga Burkina Faso da Mali da Nijar, ta shigo ta Paga, ta bi Bolgatanga da Tamale da Techiman, fiye da kilomita 500 daga kan iyaka kawai.

Babbar mayankar zamani tana Kaase, kudancin gari. Ni ba can aka kai ni ba. Wani dattijon mahauci ne, wanda ya gaji fawa daga mahaifinsa, ya ce in same shi bayan sallar asuba a inda yake yanka ƙananan dabbobi. Na tarar da shi tsugune a bayan wani bango, nesa da turken, yana wasa wuƙa a kan dutse. Yakan ɗiga ruwa, ya goga, ya juya, sannan ya gwada kaifin a gashin damtsensa. Sai da gashin ya zube ba gardama ya miƙe, ya soke wuƙar a bayan ɗamararsa inda akuyar ba za ta gan ta ba.

"Baba, me ya sa sai a bayan bango?"

"Ɗana, kai za ka so a wasa taka a gabanka?"

Yaronsa ya jawo akuyar da igiya, ba da ƙafa ba, ya ba ta ruwa a tasa. Aka kwantar da ita a gefen hagu, aka fuskantar da ita alƙibla. Tsohon ya dafa muƙamuƙinta da hannun hagu, ya laluba wuyan da babban yatsa har ya sami gurbin, ya yi bisimilla da kabbara, ya ja sau ɗaya. Bai ɗaga hannu ba sai da maƙogwaro da jijiyoyin nan biyu suka rabu. Yaron ya kai hannu zai fara fiɗa, tsohon ya buge hannun. "Bari ta gama." Muka tsaya shiru har shure-shuren ya tsaya cak.

Duk abin da ya yi yana cikin littafi, ko da yake shi a wurin ubansa ya gani kafin ya ji a makaranta. Malikiyya, mazhabar da Zango ke bi kamar Kano da Katsina, ta shardanta yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, daga gaba, ba tare da ɗage hannu kafin a gama ba. Yaron da ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid ya karanta wannan. Malaman fiƙihu sun karhanta wasa wuƙa dabba tana kallo, da yanka wata a gaban wata, da fara fiɗa ko karya wuya kafin rai ya gama fita. Hadisi na 17 cikin Arba'una na Nawawi, wanda 'yan Islamiyya ke haddacewa tun ba su san me ake nufi da shi ba, a kan wannan yake: kyautatawa wajibi ce a komai, har a yanka, a kaifafa wuƙa a hutar da abin yankawa. Addinin da ya halatta nama bai ce dabba dutse ce ba.

Sai dai wannan tsohon akuya uku ko huɗu yake yankawa, yana da lokacin ladabi. Da ya gama ya ce in biyo shi in ga inda manyan kaya ke sauka. Wata tirela ta iso cikin dare, an buɗe ta da gari ya waye. Shanun a cushe suke, an ɗaure ƙahonninsu a jikin katako, samari biyu da suka rako su suna zaune a kan sandunan sama, idanu jajur. Na bakin ƙofa suka diro. Na can ciki akwai wani farin sa da ya durƙushe tun a hanya, 'yan'uwansa sun tattake shi, gefen cikinsa duk ya saɓule. Aka murɗe masa wutsiya, aka zuba masa sanda, bai tashi ba. Daga ƙarshe aka ɗaura igiya a ƙaho, mutum shida suka ja shi ya faɗo ƙasa da kafaɗa. Abin da kowa ke faɗa shi ne a yi maza a sa masa wuƙa kada ya zama mushe. Aka kuwa yi maza. Wanda ya yanka ya yi bisimilla, ya yanke abin da shari'a ta ce a yanke, jini ya yi tsartuwa, sa ya motsa ƙafa, shaidu suka gamsu. Naman halal ne, babu malamin da zai ce ba haka ba. Kafin azahar an loda shi a babur mai ƙafa uku an yi kasuwa da shi.

Na dubi tsohon. Ya kawar da kai ya ce, "Wannan ba fawa ba ce, kwasar kuɗi ce." Amma shi ma ya sayi cinya a ciki, domin ta yi araha.

Mai halwar kuwa a Aboabo yake, a ɗakin ƙarshe na wani gidan haya, inda sai ka ratsa igiyoyin shanya da murahun mata kafin ka kai. Bai daɗe da fitowa ba, wuyansa ya yi tsawo, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ɗakin ba komai sai alluna a jingine, tawada, littattafai cikin gafaka, tasbaha mai dubu a rataye, da ƙanshin turaren wuta da ya kama bango. Kumasi tsohuwar cibiyar Tijjaniyya ce. Shehu Ibrahim Inyass ya ziyarce ta a 1952, kuma a nan Babban Limamin Gana, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya yi karatu a gaban Malam Abdullahi Ɗan Tano. Sai dai malamin ya yi saurin gyara mini zance: lazimi da wazifa da zikirin Juma'a ba su hana kowa nama ba, muƙaddami ba ya tambayarka abin da ka ci. Barin nama sharaɗi ne na riyala, ga wanda ya karɓi izinin jan wani suna ko wata aya da adadi, na kwana uku, ko bakwai, ko arba'in. A cikin kwanakin ana barin mai rai da duk abin da ya fita daga mai rai: nama, kifi, ƙwai, nono, man shanu, zuma. Wasu su haɗa da ɗanyar albasa da tafarnuwa saboda wari.

Faɗar wannan ya fi yinsa sauƙi a Kumasi, domin a girkin Gana kifi ba ya neman izini kafin ya shiga tukunya. Yajin shito da ake zuba wa waakye da busasshen kifi da jatan lande ake soya shi. Miyar ayoyo da garin kifi ake ɗaure ta. Ko ɗunƙulen ɗanɗano sai an duba, tunda wani na kaza ne wani na jatan lande. Saboda haka nauyin halwar malam rabinsa a kan uwargidansa yake. Ita ta nuna mini kayan: tukunya daban, muciya daban, ludayi daban, a kife a kan wani kwando ba mai taɓawa. Kunun gero ba nono, tuwo da miyar kuka da daddawa da gishiri, wani lokaci dafaffen wake da manja, sai dabino na buɗa-baki. Ta ce ranar da yaro ya tsoma cokalin miyar gida a tukunyar malam, sai da ta zubar ta sake ɗora wata da dare. Ta faɗa tana dariya, amma ba ta manta ba.

"Allah gafarta Malam, tausayin dabbar ne ya sa ake bari?"

Ya yi murmushi irin na wanda aka yi wa tambayar yara. Ya ce nama yana nauyaya jiki, ya kawo barci, ya motsa sha'awa, mai son ya raya dare da zikiri kuwa ba ya son ko ɗaya. Ya ce ruhanai ba sa kusantar ƙarni. "Ba haramun ba ne, Malam. Likita ma yakan hana ka gishiri, ai bai ce gishiri haramun ne ba." A kan buzun rago yake zaune yana wannan bayani, layun da yake rubuta wa mutane da fatar akuya baduku ke ɗinke su, kuma ranar da ya fito daga halwa rago aka yanka aka yi sadaka da naman. Bai ga wani karo a cikin wannan ba, kuma bisa ma'auninsa babu. Shi da ransa yake kokawa. Dabbar ba ta cikin lissafin.

Samarin Ahlus-Sunna na unguwar, waɗanda sun daɗe suna ja-in-ja da 'yan ɗariƙa a Kumasi, ba su yarda ko da wannan ba. Hujjarsu hadisin mutanen nan ne da suka so su wuce Annabi (SAW) ibada, wanda a ruwayar Muslim har da wanda ya ce ya bar cin nama, aka kuwa tsawatar musu. Wani daga cikinsu ya ce mini duk wanda ya bar halal don neman kusanci ya ƙirƙiro addini ne, in kuma don aljanu ya bari to abin ya fi haka muni. 'Yan ɗariƙa su amsa da cewa Sayyidina Umar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, ya gargaɗi mutane cewa nama yana da jaraba irin ta giya, kuma Gazali a Ihya ya kawo maganar magabata da ke zargin mai barin nama kwana arba'in da mai dawwama a kansa kwana arba'in, ɗaya halinsa ya ɓaci, ɗaya zuciyarsa ta bushe. Na saurari ɓangarorin biyu a kan benci guda, ana shan shayi. Abin da na lura shi ne duk gardamar a kan mutum take, lafiyar zuciyarsa da ingancin ibadarsa. Farin san nan da aka jawo daga tirela ba wanda ya kawo shi cikin zancen.

Ba wai tarihin Musulunci bai san masu kawo shi ba. Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu a 1057, ya shafe shekaru da dama bai ci nama ko ƙwai ko nono ko zuma ba, kuma ya faɗa ƙarara cewa don kada ya cuci dabba ne; har wani babban mai wa'azin Faɗimiyya a Alƙahira ya yi ta rubuto masa wasiƙu yana tuhumarsa. Kafin shi, a Basra ta ƙarni na 10, Ikhwanus Safa sun rubuta doguwar hikaya inda dabbobi suka kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljanu, jaki da sa da rago kowa yana lissafa abin da aka yi masa. Wannan duk ya riga ƙungiyar masu ƙin cin abin da ya fito daga dabba da aka kafa a Ingila a 1944 da ɗaruruwan shekaru. Ni dai ban bi Ma'arri ba, ba kuma zan bi ba. Wanda ya san Sahel ya san akwai ƙasar da ba abin da take fitarwa sai ciyawa, kuma ba yadda ciyawa za ta zama abincin mutum sai ta bi ta cikin saniya. Ka ce wa Bafulatani ko Buzu ya bar nono da nama, ka ce masa ya bar duniya ne. Ga layya, ga ragon suna, ga baƙon da ake yanka wa kaza. Amma tambayar Ma'arri, wato me dabbar ta ji, ba ta faɗi don amsarsa ta yi tsauri ba.

Maƙwabtan Zango suna da nasu hanin, kuma kowanne da inda ya dosa. Tonawa sun kasu dangi takwas ta wajen uwa, kowane dangi da dabbarsa da ba ya kashewa ba ya ci: Oyoko, dangin sarauta, shaho, Asona hankaka, Bretuo damisa, Aduana kare, Agona aku, Ekuona ɓauna, Asenie jemage, Asakyiri ungulu. Bahaushen da ya san kan gida na Maguzawa ba zai yi mamaki ba. A Boabeng da Fiema, arewa da Kumasi, birai suna shiga gidaje ba mai taɓa su, in ɗaya ya mutu a yi masa akwati a binne. Amma a tsakiyar Kumasi ɗin nan akwai Atwemonom, tsohuwar kasuwar naman daji, inda ake babbake gada da gyazbi tun da sassafe, sai dokar hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba take ɗan rage mata kaya. Dabbar da wani dangi ke girmamawa, wani dangin miya yake yi da ita. 'Yan cocin Asabar, waɗanda suka kafu a Agona ta ƙasar Asante tun 1914 suka kuma yi ƙarfi ƙwarai a yankin, ba sa cin alade, cocinsu yana kwaɗaitar da barin nama gaba ɗaya saboda lafiyar jiki. Katolika na cocin Roman Hill sukan bar nama ran Juma'a a lokacin azuminsu. Mabiya addinin Hindu na Gana, waɗanda Swami Ghanananda ya kafa wa gidan ibada a Odorkor ta Accra a 1975, da kuma 'yan Rasta, su ne suka fi kusa da cewa ran dabbar ne dalili. A Zango ana kallonsu kamar masu wata lalura.

Akwai kuma masu barin nama da ba wanda ke rubuta labarinsu. Na tsaya wajen wata Hajiya mai waakye a Asawase ina kallon yadda ake saye. Mai hali ya ce a sa nama da ƙwai da kifi. Mai bi masa ya ce a sa ganda. Mafi yawa, 'yan dako da 'yan makaranta da matan da ke ɗaukar kaya a ka a Kejetia, sai su ce a zuba garin rogo da taliya, a ɗan ɗiga romo a kai. Hajiya ta ce, "Ɗana, wasu nan daga Sallah sai Sallah." Ita kan tsoma ludayi ƙasa ta ɗebo musu romon da ya fi kauri, ba ta ƙara ko kwabo. Wanda zai zo Zango da wa'azin rage cin nama ya fara sanin wa yake yi wa.

Sallar layya ita ce ta warware mini abin da ke damuna tun ranar tirela. Ban yi ta a Kumasi ba, amma tsohon mahaucin ya kai ni gidan wani mai kiwon raguna na Sallah a bayan gidansa, ya kuma ba ni labarin yadda ake kawo na arewa idan watan ya kama. Ragon layya ba a cusa shi yadda aka ga dama. Ana shimfiɗa masa ƙasa ko ciyawa a mota, a tsaya a hanya a duba shi, in ya sauka a ba shi ruwa da dusa da harawa, a wanke shi da sabulu har ya yi fes. Ba wanda ke jan balami da ƙafa ko ya murɗe masa wutsiya. Dalilin a fili yake. Shari'a ta ce gurguwa da mai ido ɗaya da marar lafiya da ramammiya ba sa isar wa layya, don haka rago ya karye a hanya, kuɗinsa ya karye tare da shi. Fataken nan da direbobin nan da samarin nan masu rakiya, su ne dai na sauran watanni. Sun iya kawo dabba lafiya lau tun daga Sahel har kurmi. Suna yi a duk inda fiƙihu ya taɓa aljihu.

San kasuwa kuwa ba shi da wannan gata, tunda karyayye da lafiyayye duk halal ne muddin wuƙa ta riski rai. Mun ƙware a kan daƙiƙar yanka, har mukan ƙi cin naman gari guda saboda shakkar wanda ya riƙe wuƙa, amma kwana biyu ko uku da suka gabaci wuƙar ba mai tambaya. Alhali hadisan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, ba a kan yanka suke ba, a kan yunwa da ƙishirwa suke. Na ji wa'azi iri-iri daga lasifikokin Aboabo, kan bidi'a, kan tarbiyya, kan siyasa, kan tsadar aure. Ban ji wanda ya hau mumbari ya yi wa masu tirela maganar adadin shanun da ya kamata su loda ba.

Na tambayi tsohon ko mene ne zai gyara. Ya ce abu uku ne, kuma ba ɗaya da ke buƙatar Bature: a rage lodi, a gina gangara ta siminti inda dabba za ta sauko da ƙafarta, a sa kwamin ruwa a wurin saukar. Na ce to me ya hana? Ya lissafa mini da yatsu. Mai shanu ya ce kuɗin mota da na shingayen hanya sun riga sun cinye ribar, in ya rage kai biyar ya faɗi. Direba ya ce shi da kai ake biyansa. Dillali ya ce shi la'ada kawai yake ci, dabbar ba tasa ba ce. Mahauci ya ce shi a ƙasa ya same ta. Masu karɓar haraji a ƙofa suna yanka rasit a kan kowane kai, mai tafiya da wanda aka jawo kuɗinsu ɗaya. Ya ce a da, lokacin da maigida ke tsaya wa baƙo da dukiyarsa, in sa ya lalace a hannunka sai ka yi bayani a gaban Sarkin Fawa. Yanzu ciniki ya koma waya, mai shanun yana Wagadugu, kuɗinsa na shiga kafin a gama fiɗa. Ya ce shi ya taɓa kawo maganar kwamin ruwa a taron mahauta, aka ce magana ce mai kyau, aka sa ta cikin abin da za a duba bayan Sallah.